Shin kuɗin da ake warewa don bitar wuraren wasanni da al'adu ba asara ba ne?

Wani Malam da ke zaune a kwamitin kula da ɗakin karatu na jama'a ya turo tambaya. Ya ce gwamnati ta ba hukumar garinsu tallafi na musamman don a yi bitar yadda ake tafiyar da wuraren wasanni, ɗakunan karatu da gidajen tarihi. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, rufin ɗakin karatun yana yoyo, wurin ninƙaya ya daɗe a rufe, amma kuɗin da aka kawo na rubuta rahoto ne. Ya tambaya: me ya hana a ɗauki kuɗin a yi gyara? Kuma idan bitar ta zama dole, ta yaya mutum zai gane ta gaskiya daga wadda ake yi don a sami hujjar rufe wurare?

Malam, na fahimci ɓacin ranka, kuma ba zan ce maka ba shi da tushe ba. Na yi shekaru ina wannan aiki, na ga rahotanni masu kauri da aka biya kuɗi mai yawa a kansu suka ƙare a cikin durowa. Amma amsata ita ce kuɗin bita ba asara ba ne idan bitar ta fara daga mutane da gine-gine. Yana zama asara idan ta fara daga tambayar wa za a miƙa wa ragama. Yawancin bitar da na ga ta lalace, a nan ta karkace tun ranar farko.

Mu fara da batun rufin. Kuɗin bita yawanci ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta shi da abin da gyaran babban gini ɗaya ke ci, kuma sau ɗaya ake bayar da shi. Ko da an juya shi ga gyara, zai toshe rami ɗaya ne, baɗi wani ya ɓulle. Gwamnatin tsakiya kan ware shi daban saboda wani dalili da ma'aikatan hukumomi suka sani sarai: sashen da ke kula da wasanni da al'adu shi ne ake fara zaftare wa ma'aikata idan kasafi ya matse. Waɗanda suka rage suna fama da buɗe ƙofa da biyan kuɗin wuta, ba wanda ke da sararin zama ya lissafa nawa kowane gini ke ci a shekara, su wa ke shiga, su wa ba sa shiga. Hukuma mai gine-gine da yawa tana iya kasa faɗa maka wanne ne zai buƙaci sabon injin ɗumama ruwa nan da shekara 3. Tallafin bita yana sayo wannan sararin ne. Wanda bai san girman raunin ba, ba zai san irin maganin da zai nema ba.

Zan riƙa kawo misalai daga Birtaniya, domin a can ne aka fi daɗewa ana gwada hanyoyi daban-daban a fili, kuma kurakuransu a rubuce suke. A Ingila da Wales akwai dokar 1964 da ta wajabta wa hukumomin da abin ya shafa samar da hidimar ɗakin karatu cikakkiya kuma mai inganci. Wuraren ninƙaya da zaurukan motsa jiki kuwa, a Ingila, babu dokar da ta tilasta a samar da su. Wannan bambanci kaɗai yana bayyana abubuwa da yawa. Idan kuɗi ya yi ƙaranci, abin da doka ta wajabta, kamar kula da yara marasa galihu da tsofaffi, shi ke cinye kaso mafi girma, abin da ba dole ba ya koma jiran ragowa. Don haka abu na farko da za ka bincika a ƙasarku shi ne wane ɓangare ne doka ta ɗora wa hukuma, wane ne na ganin dama. Bita mai kyau tana faɗin wannan a shafukan farko.

Yanzu ga tarihin tambayar "wa zai gudanar". A ƙarshen shekarun 1980 gwamnatin Birtaniya ta tilasta wa ƙananan hukumomi su buɗe wasu ayyukansu ga gasar neman kwangila, aka haɗa har da gudanar da wuraren wasanni. Dokar 1999 ta maye gurbin wannan tsari da wani da ke neman hukuma ta nuna cewa tana samun mafi alheri daga kuɗin da take kashewa, ko ita ke aikin ko wani. A tsakanin nan aka ga bunƙasar ƙungiyoyin amintattu, wato ƙungiyoyi marasa neman riba da hukuma ke miƙa wa gine-ginenta su gudanar. A 1993 aka kafa ɗaya daga cikinsu mai suna GLL a unguwar Greenwich ta Landan, kuma yau tana cikin manyan masu gudanar da irin waɗannan wurare a ƙasar. Birnin Glasgow ya miƙa gidajen tarihinsa, ɗakunan karatu da wuraren wasanni ga wata ƙungiya mai zaman kanta da ya kafa a 2007, wadda yanzu ake kira Glasgow Life.

Me ya ja hankalin hukumomi zuwa wannan hanya? Ana yawan cewa sauƙin yanke shawara da 'yancin neman tallafi daga waje, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma babban abin da ya fi rinjaye shi ne haraji. Ƙungiyar agaji da aka yi wa rajista tana samun rangwamen kashi 80 cikin 100 na harajin da ake ɗora wa gine-ginen da ba na zama ba, kuma a da tana da sauƙi wajen harajin VAT, wato wanda ake ɗorawa a kan kaya da hidimar da aka sayar, a kan kuɗin shiga wuraren wasanni, wanda hukuma ba ta da shi. Da wannan lissafi, rahotanni da dama suka fito da amsa iri ɗaya: a kafa ƙungiyar amintattu, a rage kashe kuɗi.

Duba abin da ya biyo baya. A 2017 wani kwamitin bitar harajin gine-gine a Sikotland, ƙarƙashin Ken Barclay, ya ba da shawarar a janye rangwamen daga irin waɗannan ƙungiyoyi da hukumomi ke kafawa. Gwamnatin yankin ba ta janye wa tsofaffin ba, amma ta toshe ribar ga duk wata sabuwa da za a kafa. A watan Maris na 2023 kuma, bayan shari'o'in da wasu hukumomi suka kai, har da ta Chelmsford, hukumar harajin Birtaniya ta amince cewa hidimar wasanni da ƙaramar hukuma ke gudanarwa da kanta ba kasuwanci ba ce ta fuskar VAT. Da wannan sanarwa ɗaya, wani babban ɓangare na hujjar miƙa wurare ga wasu ya rushe. Hukumar Falkirk da ke Sikotland ma ta riga ta yanke shawarar dawo da ayyukan da ta miƙa wa ƙungiyarta tun 2011, suka koma hannunta a Afrilun 2022. Abin da nake so ka riƙe a nan, Malam, shi ne duk tsarin da aka gina a kan gatan haraji kaɗai yana rataye ne da alƙalamin wani da ba ya garinku. Idan rahoton da za a kawo muku ya ce za a sami rarar kuɗi, ka tambaya nawa ne daga cikin rarar ke fitowa daga haraji, nawa daga rage ma'aikata ko albashinsu, nawa daga ƙarin kuɗin shiga, nawa kuma daga ainihin kyautata aiki. Sau da yawa na ƙarshen shi ne mafi ƙanƙanta.

Akwai kuma maganar da ake yawan yi cewa idan an ba ɗan kwangila, kasada ta koma wuyansa. A takarda haka ne. A zahiri ginin na jama'a ne, kuma ranar da mai gudanarwa ya durƙushe, ƙofar hukuma jama'a za su ƙwanƙwasa. Lokacin da Carillion, wani babban kamfanin gine-gine da kwangiloli, ya ruguje a Janairun 2018, yana riƙe da ɗakunan karatu na wasu unguwannin Landan, kuma hukumar Croydon ta karɓi nata cikin gaggawa don kada a rufe. A 2020 annobar korona ta rufe wuraren wasanni baki ɗaya, kuɗin shiga ya tsaya cak, ƙungiyar Vivacity da ke gudanar da na birnin Peterborough ta mayar wa hukuma kayanta. Gwamnati ta fitar da fam miliyan 100 ta hannun Sport England, hukumar bunƙasa wasanni ta Ingila, don ceto wuraren motsa jiki na jama'a, ga kuma fam biliyan 1.57 da ta ware wa ɓangaren al'adu a Yulin 2020. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: farashin makamashi ya tashi a 2022, kuma wurin ninƙaya yana cikin gine-ginen da suka fi shan wuta, domin ruwa ake ɗumamawa dare da rana. A 2023 aka sake ware sama da fam miliyan 60 don wuraren ninƙaya na Ingila, kaso mafi tsoka na rage shan makamashi ne. A duk waɗannan lokuta baitulmali ne ya ɗauki nauyin, ko sunan wa ke rubuce a allon ƙofa.

Ba ina nufin miƙa wa wani laifi ne ba. Na ga ƙungiyoyin amintattu da suka farfaɗo da wuraren da hukuma ta yi watsi da su, suka tsawaita lokacin buɗewa, suka kawo masu horarwa. Na kuma ga hukumomin da ke gudanar da nasu da kyau. Abin da ya bambanta masu nasara da waɗanda suka gaza, a abin da na gani, shi ne ko an rubuta a fili wa zai gyara rufi, wa zai sauya injuna, wa zai biya idan kuɗin wuta ya ninka, da kuma ko hukuma ta bar wa kanta ma'aikaci ko da ɗaya ne da ya san aikin, wanda zai iya karanta rahoton mai gudanarwa ya gane inda aka rufe kura da fatar akuya.

Shi ya sa nake cewa a fara da gine-gine. Kaso mai kyau na kuɗin bita ya kamata ya tafi ga injiniyoyi da za su hau rufi, su shiga ɗakin injuna, su duba wayoyin wuta da bututu, su rubuta abin da kowane gini zai ci nan da shekara 10 ko 20. Wannan aiki ba shi da armashi, ba a ɗaukarsa a hoto, amma shi ne ƙashin bayan komai. Da yawa daga cikin wuraren ninƙaya na jama'a a Birtaniya an gina su ne a shekarun 1970 da kewayensu, kuma sun tsufa kusan lokaci guda. A Satumban 2023 aka rufe babban zauren kiɗa na St David's Hall da ke birnin Cardiff na Wales saboda wani nau'in kankare mara nauyi da aka yi rufinsa da shi, wanda aka gano yana iya ruftawa. Babu wani sauyin shugabanci da zai hana wannan. Idan aka miƙa gini ga sabon mai gudanarwa ba tare da an san halin da yake ciki ba, an gudu ne ba a tsira ba, bayan 'yan shekaru za a dawo ana jayayya a kan wa zai biya.

Sai mutane. A nan akwai darasi da kowane ɗan kwamiti irinka ya kamata ya sani. A 2009 hukumar Wirral da ke Ingila ta yanke shawarar rufe ɗakunan karatu 11. Gwamnati ta kafa bincike ƙarƙashin Sue Charteris, kuma binciken ya gano cewa hukumar ta gina shawararta ne a kan lissafin gine-gine da kuɗi, ba ta tantance buƙatun mazauna ba, musamman tsofaffi, yara, masu buƙata ta musamman da marasa aikin yi. Hukumar ta janye shirin. A Agustan 2018 babbar kotu ta soke shawarar hukumar Northamptonshire da ta shafi makomar ɗakunan karatu 21 daga cikin 36, duk da cewa hukumar tana cikin matsanancin halin rashin kuɗi a lokacin, domin ba ta bi hanyar da ta dace wajen auna abin da doka ta ɗora mata ba. Ka ga ke nan, lissafin gini kaɗai ma bai isa ba. Ana haɗa biyun ne: halin ginin da buƙatar mutanen da ke kewaye da shi.

Tantance buƙata kuwa ba ƙirga masu shigowa ba ne. Adadin shiga yana iya ƙaruwa alhali mutanen nan dai ne suke ƙara zuwa. Ingila ta gwada ninƙaya kyauta ga 'yan shekara 16 zuwa ƙasa da kuma 'yan 60 zuwa sama daga 2009, aka dakatar da shirin a 2010, kuma tantancewar da aka yi ta nuna cewa mafi yawan waɗanda suka amfana dama za su je ko da kuɗi ake biya. Wannan ba ya nufin rangwame ba shi da amfani. Yana nufin kuɗin shiga ba shi kaɗai ke hana mutane zuwa ba. Akwai nisa, akwai lokacin buɗewa, akwai tsoro, akwai jin cewa wurin ba na irinmu ba ne.

Na taɓa aiki da wata hukuma inda alƙaluma suka nuna cewa wani zauren wasanni ba ya samun mata da yamma. Daftarin farko ya ce babu buƙata a yankin, a rage lokacin buɗewa. Na je na zauna da mai gadi da matar da ke share wurin. Cikin minti kaɗan suka faɗa mini abin da ba ya cikin kowace takarda: fitilun hanyar da ta taso daga tashar mota sun mutu tun tuni, kuma ƙofar ɗakin sauya kaya na mata ba ta kulluwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Har yau ina jin nauyin abin, domin da ban je ba, da an hukunta waɗannan mata a kan laifin da ba nasu ba, kuma da sa hannuna a ciki. Tun daga nan ba na yarda da bitar da ba ta zauna da ƙananan ma'aikata ba, kuma ba ta fita ta nemi waɗanda ba sa zuwa ba. Takardar tambayoyi da aka ajiye a teburin karɓar baƙi, masu zuwa kaɗai ke cika ta.

Dalilin da ya sa wannan ke da muhimmanci ya wuce nishaɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 kimanin kashi 31 cikin 100 na manya a duniya ba sa samun motsa jikin da ya kamata, wato aƙalla minti 150 a mako. Mai hali yana da inda zai biya ya je. Wurin jama'a an yi shi ne musamman don wanda ba shi da wannan zaɓi, haka ma ɗakin karatu ga ɗalibin da ba shi da wurin natsuwa ko intanet a gida. Idan bita ta tura mai gudanarwa ya dogara kacokan ga kuɗin 'yan rajista, zai bi masu kuɗi, kuma ba za a ga laifinsa ba tunda abin da aka nema daga gare shi ke nan. Na'urorin motsa jiki suna kawo riba, ninƙayar 'yan makaranta da shirin tsofaffi ba sa kawowa. Duk abin da ba a rubuta shi a yarjejeniya ba, aka kuma ware masa kuɗi, a hankali zai ɓace.

Wani zaɓi da rahotanni ke so shi ne miƙa gini ga 'yan sa-kai na unguwa. Yana aiki a wasu wurare, kuma ina girmama masu yin sa ƙwarai. Sai dai unguwar da ke da tsofaffin akantoci da lauyoyi masu ritaya ta fi iya ɗaukar wannan nauyi a kan unguwar da kowa ke fafutukar abin yau da gobe, alhali ta biyun ce ta fi buƙatar wurin. Idan an kawo wannan shawara, a zo da ita tare da gini da aka riga aka gyara, da tallafin shekaru, da ma'aikaci ƙwararre da zai riƙa dafa musu.

To ta yaya za ka gane bitar gaskiya? Nemi takardar sharuɗɗan aikin tun kafin a ɗauki masu binciken. Idan ta riga ta ambaci adadin kuɗin da dole a rage, ko ta ce a duba yadda za a koma wani tsari guda, amsar ta riga ta fito, sauran ado ne. Hukuma tana da damar ta ce kuɗinta ya ragu, kuma gara ta faɗa a fili, amma sai a kira abin da sunansa, a bar jama'a su yi muhawara a kan abin da za a rasa. Duba ko cikin zaɓuɓɓukan da za a auna akwai ci gaba da gudanarwa a hannun hukuma tare da gyara, kuma an yi masa lissafi da adalci kamar sauran. Tambayi ko kamfanin da zai yi bitar yana da alaƙa da wani da zai nemi kwangilar daga baya. Wannan tambaya tana sa wasu jin kunya, amma dole ce.

Ka kuma dubi ma'aikata. A Birtaniya akwai dokar da ke kare albashi da sharuɗɗan ma'aikacin da aka mayar da aikinsa hannun wani, amma ba ta rufe waɗanda za a ɗauka daga baya, kuma batun fansho yakan zama babban dutse a lissafi. Kowace ƙasa da nata dokokin. Rahoton da ya yi shiru a kan wannan ya ɓoye ɗaya daga cikin manyan kuɗaɗen sauyi. Sauyin kansa ma ba kyauta ba ne: lauyoyi, sabuwar manhajar rajista, ƙididdigar kaya, da watannin da shugabanni za su yi hankalinsu na kan takardu maimakon hidima.

Batun rufinku bai kamata ya jira rahoto ba. Ruwan da ke zuba a kan littattafai gyaran gaggawa ne, kuma yana da nasa layin a kasafin hukuma. Kada a bari a ce muku "sai an gama bita", domin wannan jumla ta kashe gine-gine da yawa: ana jira, ɓarna tana ƙaruwa, har ginin ya kai inda rahoton zai ce gyaransa ya fi ƙarfin hukuma. Ka kai maganar a rubuce, da hotuna da kwanan wata, ka nemi a sa ta a cikin bayanan zaman kwamiti.

Idan aka kira ku taron farko, ka tambayi wanda ya ba da tallafin ko akwai wani kuɗi na biyu don aiwatar da abin da bitar za ta gano, ko kuwa rahoton ne ƙarshen alkawarin. Idan babu, hukuma ta faɗi tun yanzu daga ina za ta samo, rance ne, sayar da wani fili ne, ko haɗin gwiwa da ɓangaren lafiya da makarantu da su ma ke amfani da wuraren. Ka kuma nemi a rubuta cewa duk bayanan da aka tattara, na binciken injiniyoyi da na kuɗin wuta da na masu shiga, mallakar hukuma ne, za a bar su a hannun ma'aikatanta ta yadda za su iya sabunta su duk shekara, kuma za a wallafa cikakken rahoton inda kowa zai karanta kafin a kaɗa ƙuri'a a kansa.